Kyamara Ma Sai An Gwada Mudunta

Darasinmu na wannan mako a kan awo da hoto ne, wanda masana ke kira fotogirametiri.

Mu fara da ɗan gwaji. Ka miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa. Ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga kamar yatsan ya yi tsalle. Dalili shi ne kowane ido daga wurinsa yake kallo, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta gane nisan abu. Haka kwamfuta take yi. Idan aka ba ta hotuna da yawa na abu ɗaya daga kowane gefe, za ta fitar da siffarsa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda za a iya juyawa a kan allo.

To amma akwai matsala. Gilashin kyamara yana ɗan lanƙwasa abu, musamman a gefen hoto. Shi ya sa wani lokaci katanga miƙaƙƙiya take fitowa kamar baka. Duk wanda aka taɓa aika awo Kasuwar Kawo ya san idan mudu ya lotsa, awon ba zai cika ba. Kyamara ma haka take, sai an gwada ta kafin a yarda da awonta.

Ana gwajin ne da takarda mai gidaje baƙi da fari irin na allon draf, wadda aka san girman kowane gida. A manna ta a kan katako shimfiɗaɗɗe, a ɗauke ta hoto daga kusurwoyi daban-daban. Kwamfuta ta san layukan a miƙe suke, don haka duk inda ta ga sun karkace sai ta lissafa kuskuren ta gyara. Wani masani mai suna Zhengyou Zhang ne ya wallafa wannan hanya a shekarar 2000.

Mun gwada da tukunyar ƙasa da wayar malaminmu. Karon farko tukunyar ta fito a karkace, saboda muna ta jawo hoton kusa muna mayarwa. Ga abin da muka koya:

1. Kada a taɓa jawo hoto bayan an gwada kyamara.
2. A zagaya abin a hankali, kowane hoto ya ƙunshi fiye da rabin na baya.
3. A yi aikin a inuwa, a guji abu mai ƙyalli.
4. A ajiye rula a gefe don a san ainihin girma.

Me ya sa wannan ya shafe mu? A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, a jiharmu ta Kaduna. Irin waɗannan kayan sun haura shekara 2000, kuma an sace da yawa an fitar da su ƙasashen waje. Akwai wasu a gidan tarihi na titin Ali Akilu, ba nisa da Unguwar Kanawa. Yumɓu yana fashewa. Idan aka auna shi da kyamarar da aka gwada, ko ya fashe siffarsa tana nan daidai. Idan kuma ba a gwada ta ba, karkataccen tarihi za mu bar wa ƙannenmu.

Aikin gida: ka ɗauki hoton ƙofar gidanku tana can gefen hoton, ka ɗora rula a kai. Ta miƙe ko ta lanƙwashe? Ka kawo mana amsa ranar Litinin.