Tarin fuka ya shiga gida: a duba kowa, a yi awo biyu a zuwa guda



Sau da yawa ana kawo yaro mai tamowa, a ba shi abincin magani mako bayan mako, yana ci, amma nauyinsa bai ƙaru ba. Idan aka bincika, sai a tarar akwai babba mai tsohon tari a ɗakin da yaron yake kwana. Wani lokaci kuma ƙwayar cutar sida ce ta raunana jikinsa ba a sani ba. Abinci kaɗai ba ya tayar da irin wannan yaro sai an gano ciwon da ke ƙarƙashi.

Yadda cututtukan biyu suke haɗa kai

Ƙwayar tarin fuka tana bin iska idan marar lafiya ya yi tari ko atishawa. Waɗanda suka fi shaƙar ta su ne mutanen gidansa, musamman lokacin ɗari da ake rufe ƙofa da taga. Mutum yakan ɗauki ƙwayar ta kwanta a jikinsa shekaru ba ta tashi ba, domin garkuwar jiki ta danne ta. Yunwa da sida su ne manyan masu karya wannan garkuwa. Mai ɗauke da ƙwayar sida ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka fiye da sau 10, kuma tarin fuka shi ne ciwon da ya fi kashe masu sida a duniya. Shi ya sa idan an zo duba ɗaya, ake duba ɗayan a rana guda, kada iyali su sha wahalar tafiya sau biyu.

Wa za a duba?

Duk wanda yake kwana ko wuni tare da marar lafiya: mata, miji, kishiya, ƴaƴa, kaka, har da ɗan riƙo da almajirin gida. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Alamomin da za ku tambaya ga babba su ne tari na mako 2 ko fiye, zazzaɓi, zufar dare, rama, da jini a majina. Ga ƙaramin yaro kuwa, tarin ba lalle ya fito fili ba. Ku lura da rashin ƙaruwar nauyi, ƙin wasa, zazzaɓin da bai ji maganin masassarar cizon sauro ba, ko ƙullutu a wuya. Ku auna damtsensa da igiyar awo: idan ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, a kai shi cibiyar lafiya a ranar.

Abin da ake yi a cibiyar lafiya

Mai tari zai ba da majina a gwada. Awon sida kuma ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fitowa cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Ba a tilasta wa kowa, kuma ba a faɗa wa kowa sakamakon sai mai shi. Jaririn da bai kai wata 18 ba yana da awo na daban, wanda ma'aikacin lafiya zai bayyana wa uwa.

Wanda aka samu da tarin fuka zai sha magani kullum har wata 6. Kada ya tsaya don ya ji sauƙi, domin ƙwayar za ta dawo da taurin kai. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ke gidan, da mai ɗauke da ƙwayar sida, idan an tabbatar ba su kamu ba, ana ba su maganin rigakafi. Magungunan tarin fuka da na sida duka kyauta ne a Nijar.

Ga uwa mai shayarwa

Kada ki yaye ɗanki don an ce kina da tarin fuka. Ki sha maganinki, ki rufe baki da gyale idan tari ya zo, ki buɗe taga, ki ci gaba da ba shi nono. Idan kina da ƙwayar sida, shan magani kullum shi ne yake kare shi. Ki ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu. Ki tabbatar an yi masa allurar BCG tun haihuwa. Ki sani kuma ba a ɗaukar sida ta kwanon tuwo, ko moɗar sha, ko gaisuwa.

Ga ɗan faɗakarwa

Ka shiga gida da sallama, ka nemi izinin mai gida, ka ce lafiyar iyali ce ta kawo ka. Kada ka ambaci sunan ciwo a zaure ko a bakin rijiya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka rubuta mutanen gidan duka, ka raka masu alama zuwa cibiya, ka koma bayan mako guda ka ga wanda bai je ba, ka ji dalilinsa. Matar da ke tsoron yi wa mijinta maganar awo, ka haɗa ta da ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya, su taya ta.