Auna Gangaren Gona da Lebur Mai Lamba

Duk malamin gonan da ya yi aiki a Bwari ko Kuje ko ƙauyukan Kwali ya san yawancin gonakin Birnin Tarayya ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Damina kan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma kan haura milimita 1,100 a shekara. A gonar da ke kan gangare, ruwan kan kwashe ƙasar sama tare da takin da manomi ya saya da tsada. Don haka kafin ku ba shi shawarar inda zai ja kunya, ko tazarar da zai bari tsakanin layukan jema ko gamba, wajibi ne ku san gangaren gonarsa da lamba, ba da ƙiyasin ido ba.

Lebur mai lamba kamar na magina yake, sai dai yana da ɗan allo mai aiki da batir da ke nuna karkata da digiri ko da kashi cikin ɗari. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Gangaren kashi 5 na nufin ƙasa ta sauka mita 5 a cikin mita 100, amma digiri 5 ya kusa kashi 9. Idan ana son layin jema a duk saukar mita 1, tazarar mita 20 ce a kashi 5, amma kimanin mita 11 ce a digiri 5. Ku bar leburinku a kan kashi, domin da shi ake lissafin aikin gona.

Gwada lebur da saita shi

Lambar da ke allo ba ta nufin lebur na faɗin gaskiya. Faɗuwa ƙasa, jijjigar babur a hanyar ƙauye, da zafin watan Maris a Gwagwalada ko Abaji duk kan ɓata masa saiti, kuma ba zai nuna alama ba.

Ku sami tebur ko daɓen siminti mai santsi, ku share ƙura. Ba sai wurin ya zama daidai wa daida ba. Ku ɗora leburin, ku zagaye shi da alli, ku jira lambar ta tsaya, ku rubuta. Sannan ku juya shi, kan dama ya koma hagu, ku mayar da shi cikin zanen allin, ku sake karantawa. Lebur mai lafiya zai ba da lamba ɗaya sau biyu. Idan ya nuna digiri 0.6 da farko, ya nuna 0.2 bayan juyi, kuma gefe guda na teburin ne ya nuna ya fi tudu a duka biyun, to ainihin karkatar teburin 0.4 ce, kuskuren leburin kuwa 0.2, wato rabin bambancin.

Kada ku raina wannan 0.2. A tsawon mita 100 ta kai santimita 35, wanda ya isa ya sa ruwa ya taru a wuri guda ya fasa kunya, zaizayar da ake gudu ta zama kwazazzabo.

Don gyarawa, yawancin lebur na da maɓallin da aka rubuta CAL a kansa. Akan danna shi a zaman farko, a juya leburin, a sake dannawa, amma ku bi takardar da ta zo da naku. Bayan haka ku maimaita gwajin. Manhajar lebur da ke cikin wayar hannu ita ma tana bukatar wannan gwaji, kuma a cire rigar wayar tukuna.

Aunawa a gona

Lebur gajere ne, bai cika wuce santimita 60 ba. In kun ɗora shi a ƙasa kai tsaye, hoge ɗaya kuka auna, ba gona ba. Ku ɗora shi a kan miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 zuwa 3, ku kwantar da katakon ta inda ruwa ke gangarowa, nesa da kunya da tulin doya. Ku auna wuri biyar ko fiye daga tudu zuwa kwari. Inda gangaren ya canza sosai, ku raba gonar kashi-kashi maimakon haɗa lissafi.

Akwai aikin da ya fi ƙarfin wannan lebur. Ko mai kyau sabon saiti kan iya kuskuren digiri 0.1, wato santimita 17 a mita 100, alhali magudanar ban-ruwa a fadama sau da yawa saukar santimita 10 zuwa 30 kawai take bukata a wannan tsawo. A nan ku yi amfani da siririn tiyon roba da ake ganin ruwa a cikinsa, mai tsawon mita 10 zuwa 15, a ɗaure bakinsa biyu a sanduna masu zanen santimita. Da shi manoman Yatenga a Burkina Faso ke jera duwatsun tare ruwa tun shekarun 1980. Ku tabbata kun fitar da iskar da ke cikin tiyon kafin ku fara karantawa.