Katin Zaɓena Ya Lalace, Ko Katin Ɗan Ƙasa Zai Wadatar?

Tambaya: Ruwan damina ya shiga ɗakina ya lalata mini katin zaɓe, hoton ma ba ya fita. Zan iya zuwa rumfa da katin ɗan ƙasa? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Kada ki dogara da katin ɗan ƙasa. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta tsaya kai da fata cewa sai da katin zaɓe na dindindin, ko fasfo mutum ya kawo ba a karɓa.

Ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumarki da kanki, ba aike ba, ki nemi a sauya miki. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a yi hakan aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe, don haka da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ki tafi da tsohon katin ko da ya dagargaje. Ina roƙon ki, kada wani ya ruɗe ki da sabuwar rajista. Yin rajista sau biyu laifi ne.

Ranar zaɓe a rumfa, jami'i zai duba sunanki a na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ki ɗora yatsa. Sau da yawa yatsun iyayenmu mata da wanki da surfe suka cinye ba sa kamawa, sai su juya gida cikin ɓacin rai. Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya, domin na'urar tana tantance fuska ma. Ki tsaya ki ce a gwada fuskarki.