Mi ya sa madara take ɓata ma wasu ciki?

Ƴan'uwa ɗalibai, da damina shanu suna samun ciyawa a Dallol Mauri, madara tana yawa a kasuwar Tibiri. Wani ya sha lafiya lau. Wani kuwa, bayan rabin awa zuwa awa 2, sai kumburin ciki, da ƙugi, da zawo. Ba sammu ba ne.

Cikin madara akwai wani sukari, sunansa laktos. Hanjin jariri yana yin wani sinadari mai narkar da shi. Bayan yaye, sinadarin yana raguwa ga kusan mutum 2 cikin 3 na duniya. Fulani da yawa ba ya rage musu. Idan sukarin bai narke ba, sai ya yi tsami cikin hanji, ya kawo iska da zawo.

Ga abin yi:

1. A sha nono mai tsami ko kindirmo. Tsami ya cinye wani kashi na sukarin.
2. Ɗanyar madara, a tafasa ta. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fidda sukarin.
3. A sha kaɗan, kada a wuce kofi 1, kuma tare da fura ko kunu.
4. Madarar gari da ta gwangwani su ma suna da laktos.
5. Kada uwa ta hana jariri mama, ko yana zawo.

In an ga jini cikin bayan gida, ko zazzaɓi, ko rama, a tafi gidan likita.

Tambaya: mi ya sa nono mai tsami ya fi ɗanyar madara sauƙi ga ciki?