Darasi na Bakwai: Mawaƙi da 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki

A lokacin zaɓe, waƙoƙin siyasa sukan cika kasuwar Jimeta da titunan Yola. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, har da mawaƙi. Amma magana zarar bunu ce. A watan Maris na 2023, bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamnan Kano, wasu matasa suka cinna wa gidan mawaƙi Dauda Kahutu Rarara wuta saboda waƙoƙinsa na siyasa. Wanda waƙa ta ɓata wa rai yana iya daina sauraro, ko ya mayar da martani, ko ya kai ƙara kotu. Ƙona dukiya kuwa laifi ne.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "magana zarar bunu ce"?
2. Kawo hanyoyi uku na nuna rashin amincewa da waƙa.