Darasin Turanci: Bambancin "I sell" da "I am selling"



Kwanakin baya na raka wani ƙanenmu banki zai buɗe asusu. Ma'aikaciyar ta tambaye shi, "What do you do?" Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "I am sitting." Ta yi murmushi, shi kuwa kunya ta rufe shi. Sana'arsa take tambaya, ba abin da yake yi a kan kujerarta ba. Amsar da take jira ita ce "I sell onions at Mile 12." Da cewa ta yi "What are you doing?", to da ya yi daidai.

Ba laifinsa ba ne. Mu a Hausa in ka ce "ina sayar da albasa", yana iya nufin sana'arka ke nan, yana kuma iya nufin yanzu haka kana gaban buhu kana ciniki. Burokan ɗin da muke ji a titin Legas ma haka yake, "I dey sell" ya ɗauke duka biyun. Amma Turancin makaranta da ofis da asibiti ya raba su gida biyu.

Gida na farko: abin da aka saba

Sunansa present simple. Ya yi kusa da lokaci sabau na nahawun Hausa, wato "nakan" da "yakan". Da shi ake faɗin sana'a, da al'ada, da abin da kullum haka yake.

I sell tomatoes. Tumatir nake sayarwa.
We open at 7 every day. Mukan buɗe ƙarfe 7 kullum.
The sun rises in the east. Rana daga gabas take fitowa.

Da I, you, we, they, aikatau ba ya canzawa. Da he, she, it kuwa, sai an ƙara masa s: he sells, she cooks. In ya ƙare da o, s, sh, ch ko x, es ake sawa: goes, washes, teaches. In ya ƙare da y bayan baƙi, y ɗin ya koma ies: carry ya zama carries. Have kuma ya zama has.

Wajen korewa da tambaya ana kawo do ko does. A nan fa a kula: da zarar does ya shigo, shi ya ɗauke s ɗin. He does not sell rice, ba "he does not sells" ba. Does she live in Agege?, ba "does she lives" ba.

Gida na biyu: abin da ake cikin yi

Sunansa present continuous, lokaci mai ci ke nan. Ana gina shi da abu biyu: am, is ko are, sannan aikatau mai ing a ƙarshe. I am, he is, she is, it is, sauran kuma are.

I am loading the lorry. Ina cikin yi wa mota lodi.
It is raining. Ana ruwa yanzu.
They are not working today. Yau ba sa aiki.

Kar a yar da am ko is. "He going" ba magana ba ce. Wajen rubutu, e na ƙarshe yakan faɗi: come ya zama coming. Gajerun kalmomi irin su sit da run ana ninka baƙin ƙarshe: sitting, running. In tambaya ce, a juya: Are you going?

Ana kuma amfani da shi ga abin da yake na ɗan lokaci ne. "I live in Idi-Araba" na nufin can ne mazauninka. "I am staying with my brother" na nufin sauka ka yi kafin ka samu naka ɗaki. Duk wanda aka taɓa tsayarwa a shingen jami'an tsaro ya san amfanin wannan bambancin.

A asibiti abin ya fi nauyi. In ka ce wa likita "I am coughing", ya ji kana tari yanzu. In ka ce "I cough every night", ka faɗa masa tarin ya zauna maka, kuma tambayoyin da zai yi maka za su canza. Haka in ya ce "Do you smoke?", ba sigarin da ke hannunka yake nema ba, al'adarka yake tambaya.

Kalmomin da ba su cika karɓar ing ba

Know, want, need, understand, da have in mallaka ake nufi. A ce I understand, kar a ce "I am understanding". A ce I have two children, kar a ce "I am having two children". Muna jin irin wannan a kasuwa kullum, amma yaranmu masu shirin WAEC da NECO su sani mai duba takarda ba zai ɗaga musu ƙafa ba.

Dabara mai sauƙi: in maganar za ta karɓi "kullum", gida na farko ne. In za ta karɓi "yanzu haka", na biyu ne.

Aikin gida

A mayar da waɗannan Turanci:
1. Yayana yakan je Kano duk wata.
2. Yara suna cin abinci yanzu.
3. Ba ta shan shayi da dare.
4. Kana jiran mota ne?
5. Ina bukatar magani.

Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ya rubuta masa, shi ya faɗa da baki. Amsoshi na nan tafe Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana fahimta.