Kafin ka biya kuɗin inshora, nemi dillalin da zai tsaya maka

Tambaya: Ina da injin gyaran shinkafa da sito a Tudun Wada, ina kuma tura kaya Kano da Jos. Bankin da na nemi bashi a wurinsa ya ce sai na yi wa sito da injin inshora. Wani ya zo mini da takardu, ya ce in biya kawai shi zai ƙarasa sauran. Abokan sana'a kuma suna cewa kamfanonin nan karɓa suka iya, ba sa biya. Yaya zan yi?

Amsa: Kada ka biya tukuna. Fara tambayar mutumin nan: shi wakilin kamfani ne ko dillali? Wakili ɗan gida ne, hajar kamfaninsu kaɗai yake talla, ranar da rigima ta tashi kuma yana ɓangaren waɗanda ke biyansa. Dillalin inshora kuwa naka ne. Aikinsa ya zo ya ga sana'arka da idonsa, ya zaga kamfanoni ya jiyo farashi da sharuɗɗa, ya karanta maka abin da aka rubuta da ƙananan haruffa, sannan idan tsautsayi ya faɗa ya bi maka haƙƙinka har a biya.

Ba za ka ba shi komai daban ba. La'adarsa daga kamfani take fitowa, cikin kuɗin da ka biya. To amma ka san halin dillalin kara: ciniki ya yi tsada, la'ada ta yi kauri. Saboda haka ko da na kirki ka samu, ka ce ya kawo maka tayin kamfanoni uku a rubuce, ya kuma gaya maka dalilin da ya sa ya fifita ɗaya.

Gane na gaskiya ba wuya. Dole ya kasance yana da lasisin hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido kan harkar inshora a Najeriya, da kuma rajistar majalisar dillalan inshora ta NCRIB. Ka nemi ganin takardun biyu, ka sa yaronka ya duba sunan a intanet. Kuɗi kuma a asusun kamfani ake zubawa, ba a asusun wani mutum ba, a ba ka rasit. Tun 2013 ake aiki da ƙa'idar cewa idan kuɗi bai shiga ba babu kariya, ko da takarda na aljihunka.

Maganar abokanka cewa ba a biya tana da ƙamshin gaskiya, amma yawancin rigimar tun ranar cike fom ake shuka ta. Ga babban ramin da 'yan kasuwarmu ke faɗawa. Mutum yana da kayan naira miliyan 20 a sito, sai ya ce a rubuta miliyan 10 don kuɗin ya yi sauƙi, yana ganin ai ko gobara ta tashi ba za ta cinye duka ba. Gobara ta tashi, ta ci na miliyan 6. Yana jiran miliyan 6, sai a miƙo masa miliyan 3. Kamfani zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, don haka rabin asara ce tamu. Sharaɗin yana nan a rubuce cikin takardar, ba wanda ya karanta masa ne kawai.

A sana'arka abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin sitonka ba ya zama a kan adadi ɗaya. Da kaka shanshera har rufin kwano, buhu kan buhu, 'yan dako da ƙyar suke samun wurin wucewa. Kafin damina ta yi nisa kuma sai ka ga rabin ɗakin fayau. Ga farashin buhu da ke sauyawa tsakanin wata da wata. Dillalin da ya san aikinsa zai nemo maka irin yarjejeniyar da ake ɗora ta a kan mafi yawan kayan da kake ajiyewa, kana bayyana abin da ke ciki duk wata, a ƙarshen shekara a yi lissafi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da littafi. Shigar kaya da fitarsa a rubuta kullum, a riƙa ɗaukar hoton shafin da waya, domin littafin da ya kwana a sito tare da kayan zai ƙone.

Idan dillalin ya zo ya ga jarkokin man dizal jingine da janareto, tarin buntu a bayan injin, wayar wuta an ɗaure ta da leda, ya ce a gyara, kada ka ɗauka iyayi ne. Irin waɗannan ake kafa hujja da su a hana mutum diyya. Wanda ya rubuta maka takarda bai taɓa taka ƙofar sitonka ba, ni dai ban yarda da shi ba.

Sai kayan da ke kan hanya. Motar da ta taso daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Jos, direba zai nuna maka takardar inshora ya ce komai lafiya. Waccan takardar ta ɓarnar da motar za ta yi wa wani ce, ba ruwanta da buhunanka. Irinta ce aka mayar naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Jabunta ma ta yi yawa, ana gane ta gaskiya ta hanyar danna *565*11# a waya. Kayanka suna buƙatar tasu inshorar daban, ka kuma tambaya ƙarara: idan mota ta kife, ko aka yi fashi, ko ruwa ya jiƙa kaya, wanne ke ciki wanne ba ya ciki? Haka ambaliya. Ba kowace inshorar gobara ce ta haɗa da ruwa ba, sai an ƙara. Masu sito a kwari, musamman garuruwan Bebeji da ke ƙasan madatsar Tiga, su lura da wannan. 'Yan Kantin Kwari sun ga abin da ruwa ya yi wa atamfa a 2022.

Na san akwai abin da ba ka faɗa ba, wato batun halacci. Malamai da dama sun ƙi inshorar kasuwanci saboda gharari, wato rashin tabbas, da riba, suka yarda da ta taimakekeniya. A kan haka aka gina takaful, wanda ya fara a Sudan a 1979. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda asara ta samu a ɗiba a ba shi, kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, idan an samu rara kuma a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, akwai kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Ka gaya wa dillali da banki tun farko cewa shi kake so. Sai dai sharaɗin faɗin gaskiyar kimar kaya yana nan daram a can ma.

Ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai ba ya jan hankalin dillalin da ke zaune a birni. Amma idan ƙungiyar masu injina, ko ta mata masu turara shinkafa, ko ta masu sayen masara a Doguwa da Kiru ta haɗa mutum talatin ko hamsin, da ƙafarsa zai zo, farashi kuma ya sauka. Manoman da ke kawo muku shanshera su ma akwai hukumar NAIC ta gwamnatin tarayya da ke yi wa amfanin gona inshora da rangwame, dillalin zai iya haɗa su da ita.

Idan abin ya faru, Allah Ya kiyaye, ka kira dillali a ranar. Ka ɗauki hotuna, ka karɓi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kada kuma a kwashe ko buhu ɗaya da ya ƙone sai mai kimanta asara ya zo ya gani. Kamfani ya tsaya jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Shi kuma mai takardun nan, ka ce ya dawo da lasisinsa da sunan kamfanin da zai ɗauki nauyin. Idan ya fara kame-kame, Alhaji, ka riƙe kuɗinka ka shiga Kano ka nemi mai rajista. Allah Ya tsare dukiya, Ya sa albarka a sana'a.